Tafiyar Baba a Hotuna Takwas

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Yau kwana tara da dawo da Baba daga asibiti, kuma har yanzu bai sa ƙafarsa a ƙasa ba. Mai gashin ƙashi ta zo da safe, ta zauna a bakin gado ta yi ta lallashi. Ya saurare ta tsaf, ya yi mata godiya, ya juya fuskarsa bango. A baranda ta gaya mana gaskiya, ni da Mama: aikin da aka yi masa a ƙugun hagu ya yi kyau, ƙarfen ya zauna, amma idan ya ƙara wasu makonni a kwance ƙafar za ta saba da kwanciyar, daga nan kuma sai keken guragu.

Ta ce, "Ba gudu nake so ya yi ba. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa falo, shi ke nan."

Da ta tafi na ƙirga. Tayil goma sha ɗaya ne.

Ƙarfen dogarawar da Yaya ya sayo, mai ƙafa huɗu, yana bayan ƙofa. Mama ta fara rataye tawul a kansa.

Don aikin aji na sayi littafin nan. Ga shi na fara da abin da ba shi ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na koma aji. Malama ba ta tambaye ni inda na shige ba, ta dai ce ya mai jiki, ta turo min abin da ya wuce ni. Mu goma sha biyu ne muke koyon haɗa wasan kwamfuta, kuma yanzu an zo kan tafiya. Kowa zai zana ɗan mutum, ya sa shi ya taka a allo idan an danna kibiya. Ta ce babu wani siddabaru a ciki. Hotuna takwas ne na mutum ɗaya, a kowanne ƙafa ta ɗan matsa, kwamfuta ta riƙa nuna su bi da bi da sauri, ido ya ɗauka tafiya ce. Ranar Alhamis ashirin ga wata za a miƙa.

Ta ja mana kunne kada wanda ya zana tafiya da ka. Ta ce, "Ku je ku kalli mutum na gaske. Kowa da tafiyarsa."

'Yan aji sun yi ta ihun jarumai masu takobi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 11 na safe, a shago

Injin fotokwafi ya yi zafi, Oga ya ce a bar shi ya huta, ni ma na samu na huta. Na ɗauki takardar da ta lalace na fara zane a bayanta. Tun jiya na san wanda zan zana, rubutawa ce dai ban so ba.

Shekara talatin Baba ya yi yana karanta mitar ruwa, gida-gida, a ƙafa. Har ya yi ritaya bai yarda an ba shi babur ba. Mutanen layinmu daga nesa suke gane shi tun kafin su ga fuska. Amma ni 'yar cikinsa na riƙe fensir na yi tsuru-tsuru. Yana sunkuyawa ne ko a miƙe yake? Takunsa dogo ne ko gajere? Na san hularsa, na san jakarsa, na san ƙarar takalminsa a baranda. Tafiyar ce babu. Ashe duk shekarun nan jin sa nake yi, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Abin da na zana almakashi ne aka ɗora wa kai.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Bai tashi ba. Ya ci rabin abincinsa.

Juma'a, 7 ga wata, bayan la'asar

Tsanin yana nan a bayan gida, gefen tanki, inda Yaya ya ɗaga shi ya jingine ranar da Baba ya faɗo daga kansa. Ba wanda ya taɓa shi. Yanzu a igiyar gaba nake shanya, ko da ba ta samun rana sosai. Mama ta gani.

Tun da na shiga ajin nan Baba yake ce min Injiniya. Ko shayi zai aike ni, sai ya ce, "Injiniya, a taimaka." Yanzu "ke" yake cewa, ko ya nuna abin da yake so da hannu. Ba faɗa yake yi ba. Wallahi da faɗa yake yi da na fi samun sauƙi.

Ba na shiga ɗakinsa da kwamfuta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na tambayi Yaya ko yana da bidiyon Baba yana tafiya. Ya yi min kallon uku saura kwata, ya ce me zan yi da shi. Na ce aikin aji ne. Ya ce, "Har yanzu dai kwamfutar."

Can anjima sai ga shi ya turo. Ranar da ya sayi motarsa ce, yana zagaya ta da waya kamar bai taɓa ganin mota ba, Baba ya ratsa ta baya daga hagu zuwa dama. Sakan shida. Na kalla ya fi sau hamsin.

Ga tafiyar nan. Yana ɗan karkata gaba kamar wanda ya makara, jaka a kafaɗar dama, diddige ya fara sauka, yatsu su ɗaga a ƙarshe. Kuma duk taku biyu sai ya ɗan sunkuyar da kai ya dubi gindin katanga. Mita yake nema, shekara huɗu bayan ritaya.

Na yi dariya ni kaɗai, daga baya kuma na tashi na wanke fuska.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Hotuna takwas sun kammala. Tsayinsa a allo ɗigo talatin da biyu ne kacal, fuskar ma ɗigo huɗu ce, amma wanda ya san Baba ba sai an gaya masa ba. Na sa masa suna Mai Jaka. Na zana masa layi mai katanga, da ɗan gida a ƙarshen allo ta hagu, inda zai riƙa fitowa.

Na danna kibiyar dama. Ƙafafu suna tafiya a natse, jiki kuma yana gudu. Mama ta zo wucewa da faranti ta tsaya a kaina.

"Wa ya zuba masa ruwan sabulu a hanya?"

"Mama, tafiya yake yi."

"Wannan ai sulu yake." Ta ƙara matsowa, ta ƙanƙance ido. "Ke, ba Mai Mita ba ne wannan?"

Haka take kiran Baba idan tana tsokanarsa. Ta yi dariya har ta ajiye farantin. Sai ta dubi ƙofar ɗakinsa, dariyar ta tsaya. Rabon da in ji ta a gidan nan tun kafin ranar.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Malama ta ce rabin aji sulu suke yi, ba ni kaɗai ba. Ta cire takalmi ɗaya ta nuna mana a gaban allo: ƙafar da ke ƙasa ba ta motsi, jiki ne yake wucewa ta kanta. Idan takun ɗan mutum ɗigo goma sha biyu ne, kuma hoto huɗu ne taku guda, to a kowane hoto ɗigo uku zai matsa, ba huɗu ba, ba biyar ba. Na gyara. Mai Jaka ya kama ƙasa.

Sai ta ba mu abin da ta kira sadaka. Ba sai mun zana wasu takwas na tafiya hagu ba. A gaya wa kwamfuta ta juya hoton kamar a madubi, shi ke nan. Layi ɗaya na rubuta, Mai Jaka ya juya ya nufi gida. Aikin mako guda cikin minti ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Na kawo shayi, na tsaya a bakin ƙofa don na ji suna magana. Mama ce take ce masa ciwon zai ragu idan ya fara.

Ya ce, "Ba ciwo ba ne. Da na tuna tsayuwa sai in ji abin da ke ƙarƙashina ya tafi ya bar ni."

Na koma kicin da shayin. Na tsaya har ya huce, na sake dafa wani.

Minti biyu na ce masa ranar, da ya kira ni in riƙe masa tsanin ina kan kwamfuta. Na ce ina zuwa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Tawul biyu yanzu a kan ƙarfen.

Asabar, 15 ga wata, bayan azahar

Mama ta yi min aika-aika. Na fita sayo sabulu, na dawo na tarar ba kwamfuta a kan tebur. Na san inda take. Na leƙa. Ta ɗora masa ita a kan filo, tana cewa, "Ka gani, 'yarka ta saka ka a ciki, kai kana nan kana kallon bango."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ina ake taɓawa?"

Na nuna masa kibiyar dama. Ya sa yatsa ɗaya ya danna. Mai Jaka ya fito daga gida, ya bi katanga, yana sunkuyar da kai duk taku biyu. Baba ya bi shi da ido har ƙarshen allo.

Sai ya danna ta hagu. Mai Jaka ya juyo. Baba ya ɗaga yatsa, ya haɗe gira.

"Wa ya mayar min da jaka hagu?"

Na duba. Gaskiyarsa. Madubi ya juya komai, jakar ta koma kafaɗar hagu. Kwana huɗu ina kallo ban lura ba. Na yi masa bayanin dabarar, na ce kowa haka yake yi, har manyan masu wasanni.

Ya ce, "Wato ha'inci."

"Baba, ba ha'inci ba ne, sauƙi ne."

"Shekara talatin ban taɓa rataya jaka a hagu ba. Hagu na ƙugiya ne."

Ban san wace ƙugiya ba. Mama ce ta ce ƙarfen da yake ɗaga murfin ramin mita da shi. A hannun hagu yake riƙe shi, a ɗan baya, don kada ya soki mutane a hanya. Ta ce har gobe idan yana tafiya hannun a dunƙule yake, a baya, ba komai a ciki. A bidiyon Yaya ba a ganin hannun, jikinsa ya kare shi.

Ya ce, "To ki gyara."

Na ce, "Ba ni da hoton ɓangaren hagu. Ta dama kawai aka ɗauke ka."

Ya ture kwamfutar a hankali, ya ce to a bar shi haka, ya juya bango. Amma na ƙirga a raina, yau ya yi min maganar da ta fi ta wata guda.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na roƙi Yaya ya kwaikwayi tafiyar Baba in ɗauka ta hagu. Ya yi ta jan aji, daga baya ya yarda. Mama ta ba shi jakar, ya riƙe ludayi a madadin ƙugiya, ya ratsa baranda. Mun manta ƙofar Baba a buɗe take.

Daga ciki muka ji, "Wannan agwagwa ce."

Yaya ya dawo ya sake.

"Ka daina jefa ƙafa. Diddige tukuna."

Ya sake.

"Hannun ya yi sama. Ƙugiya ce, ba tuta ba."

Sau bakwai. Yaya ya haɗa gumi, ya ce shi fa yana da wurin zuwa. Baba ya ce mutumin da ya sayi mota ai ya manta yadda ake tafiya. Na zana daga bidiyon Yaya duk da haka, na kai masa. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Wannan yayanki ne da jakata."

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Mai gashin ƙashi ta lanƙwasa gwiwar, ta kasa kai ta inda ta kai makon jiya. Ba ta ɓoye ba. Ta ce Litinin mai zuwa idan ba a fara ba za ta kawo maganar keke. Ta bar mana wata faffaɗar ɗamara da ake ɗaura wa majinyaci a ƙugu a riƙe shi ta baya, ta nuna mana yadda ake riƙon, ni da Mama da Yaya, ɗaya bayan ɗaya.

Da muka raka ta muka dawo, Yaya ya tsaya a tsakar gida yana kallon wajen tanki. Ya ce, "Da dai an riƙe..." sai ya haɗiye sauran. Mama ta kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci. Ya ce shi bai ce komai ba.

Bai ce ɗin ba. Kuma ba ƙarya zai yi ba da ya ƙarasa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Zan miƙa na madubin. Malama ba ta san kafaɗar da Baba yake rataya jaka ba. Na gaya wa Mama a kicin, da ɗan ƙarfi, ban sani ba ko don ya ji ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Ban je shago ba.

Wajen ƙarfe takwas ina ɗaura ɗankwali zan fita, na ji daga ɗakinsa: "Injiniya."

Na tsaya cak. Na ɗauka kunnena ne.

"Injiniya, a taimaka a cire tawul ɗin nan daga kan ƙarfen mutane."

Na shiga. Yana zaune a bakin gado, ƙafafunsa biyu a kan tayil, ya sa hularsa. Mama tana tsaye ta toshe baki da gefen mayafi. Ya ce in kafa wayata a kan kujera a baranda, inda za ta kama shi ta hagu, tun da na ce ba ni da hoto. Ya ce ba zai yarda a kai shi gaban mutane da jaka a hagu ba.

Na kafa wayar. Na ɗaura masa ɗamarar. Mama ta matso za ta riƙe, ya girgiza kai.

"Ita."

Na zagaya ta damansa don kada in tare hoton, na cusa yatsuna a ɗamarar har suka yi fari. Ya kama ƙarfen da hannu biyu.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

Ya miƙe. Na ji nauyinsa gaba ɗaya a hannuna, na ji yadda jikinsa yake kyarma. Mun daɗe a tsaye a haka. Daga gado zuwa ƙofa ya ɗauke mu wajen minti uku. Sai baranda. Ya tura ƙarfen, ya jawo ta hagu, ta dama ta biyo. Ta hagun ba ta ɗagawa sosai, kuma idan ya taka ta sai kafaɗar ta faɗa. Amma diddige ne ya fara sauka. Tayil ɗaya. Biyu. A na uku ya sunkuyar da kai ya dubi gindin bango, na kusa fashewa da kuka.

A na huɗu ya tsaya yana haki. Bai waiwayo ba, ya ce, "Minti biyu kika ce min ranar. Ni ma ai da na jira."

Na ƙara damƙe ɗamarar.

Ya ce, "A hankali, za ki raba ni biyu."

Tayil shida ya yi. Mama ta turo kujera ya zauna, gumi har cikin hula. Ya tambaya ko ya isa hoto takwas. Na ce ya isa har da ragi.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma

Na kai masa kwamfutar da kaina. Na tambaye shi yadda yake so: in zana abin da wayar ta ɗauka, ko in gyara ƙafar ta yi daidai da ta da.

Ya kalli bidiyon sau biyu. Ya ce, "Ƙarfen nan baƙo ne, kada ki sa shi. Ki mayar min da ƙugiyata." Ya nuna ƙafar a allo. "Ɗingishin kuwa nawa ne. Bar min shi."

Na zauna a ƙasa kusa da gadonsa na zana, yana leƙowa yana gyara min hannu.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Malama ta danna dama, Mai Jaka ya fita da saurinsa na wanda ya makara. Ta danna hagu, ya juyo, jaka ta ɓuya a bayan jikinsa, ƙugiya a hannu, yana jan ƙafa yana komawa gida. Ta sake gwadawa sau biyu. Ta ce me ya sa na wahalar da kaina da hoto goma sha shida, kuma na hagun yana ɗingishi, ko lissafin ɗigon ne ya kuɓuce min.

Na ce, "A'a, Malama. Na je na kalli mutum na gaske ne."

Ta dube ni, ta dubi allon. Ta danne kibiyar hagu ba ta ɗaga ba sai da ya kai ƙofar gida.

Na dawo na tarar Yaya ya kwantar da tsanin ya kai shi sito. Ya ce in zo in riƙe masa ƙofa, na riƙe. Baba ya yi tayil takwas yau, in ji Mama, kuma ya ce ba a ƙirga daidai ba, tara ne.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Goma sha ɗaya. Yana falo yana shan shayi, yana ce wa Yaya bai iya zama ba. Mama tana ta zagaye gida da tawul a hannu, ta rasa inda za ta rataya.